Makaroni da Ruwan Shayi: Wa Ke Cinye Abincin Ɗan Cirani a Sabha?

Duk lokacin da aka sauke wani ayarin 'yan cirani da aka koro daga Libiya, ko a Dirku ne ko a filin jirgin sama na Kano, muhawarar da ke biyo baya ba ta canjawa. Wasu su ce Allah ya ƙara, wa ya aike su. Wasu su la'anci Larabawa, wasu su la'anci Turawa. A yi kwana biyu ana cacar baki a rediyo da Facebook, sai ƙura ta lafa. Amma ku dubi hotunan da kyau. Ku dubi wuyan samarin nan, da yadda idanu suka faɗa, da yadda wando ke neman zamewa daga ƙugu. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi abin da waɗannan mutane suka riƙa ci a watannin da suka yi a can, kuma a ganina nan ne maganar take.

Matsayina a fili yake tun yanzu. Yunwar da ɗan cirani ke kwana da ita a Sabha mutane ne suka haɗa ta da hannunsu. Abinci yana nan a kasuwa, shaguna a cike suke. Abin da ya shiga tsakanin ɗan cirani da tukunya shi ne bashin mai fataucin mutane, da ubangidan da ke danne lada, da dokar da ta mayar da lebura mai laifi, sannan da mu 'yan'uwansa da ke gida muna jiran aike. Wanda duk ya ce maganin abin shi ne a zauna a gida, ko a raba kwalin agaji, ya taɓo gefen matsalar ne ya bar tsakiyarta.

Unguwar Hajara tana cikin tsofaffin unguwannin Sabha, ita da Jadid da Gurda. Sabha kuwa ita ce babban birnin yankin Fazzan, a kudu maso yammacin Libiya, tafiyar sama da kilomita 700 a mota daga Tarabulus. Wannan hanya ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Ta Fazzan ne fatake suka riƙa bi da fatu da turkuɗin Kano zuwa bakin teku, ta Murzuk ne Bature Barth ya biyo a 1850 kafin ya iso Kano a shekarar da ta biyo baya. Yau Hilux ta maye gurbin raƙumi. Daga Agadas a nufi Dirku, a wuce Madama, a shiga Gatrun, a sauka Sabha. Ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta nuna cewa baƙin da ke Libiya sun haura 700,000 a 'yan shekarun nan, kuma 'yan Nijar na sahun gaba, tare da 'yan Sudan da Masar da Chadi da Najeriya. Mafi yawan Hausawan da ke cikinsu ba teku suka nufa ba. Cin rani suka je, irin wanda kakanninsu suka yi a Kumasi da Abijan: a yi shekara ɗaya ko biyu ana leburanci, a koma Tawa ko Damagaram ko Maraɗi da abin sayen sa ko na gyaran ɗaki.

To ta yaya mutumin da ya je neman abinci yake ƙarewa da rashinsa?

Mu yi lissafin tare. Da yawa ba su da kuɗin mota cikakke, sai a kawo su bashi. Suna sauka a miƙa su inda su da kansu suke kira gidan bashi, ba fita sai an biya. A watan Afrilun 2017 IOM ta fitar da shaidun mutanen da suka ce an sayar da su a Sabha kamar kaya, aka tsare su ana duka ana kiran danginsu a waya su turo kuɗi. Wanda ya tsira daga wannan, ko ya fita da alkawarin biya da aiki, yana fara rayuwarsa ne da rami a gabansa. Bashi ba ya jira. Mai gidan haya ba ya jira. Kuɗin waya da na gas da na ruwan sha ba sa jira. Aiken gida ma ba ya jira, tunda dominsa aka taso. A cikin duk waɗannan, abu guda ne kawai ɗan cirani ke da ikon ragewa ba tare da wani ya ɗaga masa murya ba: abin da zai sa a bakinsa. Cikinsa ya zama asusun da kowa ke fasawa ya ɗiba.

Wani matashi daga ƙasar Katsina da ya yi leburanci a wajen Hajara ya kwatanta mini ɗakinsu. Tabarmi ne a shimfiɗe bango zuwa bango, jakunkuna a rataye a ƙusa, tukunyar gas ƙarama a lungu. Da asuba kowa ya tsoma burodi a shayi mai sukari da yawa, a fita bakin titi a tsugunna, mai shebur da sheburinsa, mai guduma da gudumarsa, ana jiran motar da za ta tsaya ta ce mutum biyu ko uku. Da rana sai abin da mai aiki ya ga dama. Da dare a haɗa kuɗi a dafa makaroni da tumatirin gwangwani da yaji, in an samu aiki a fasa gwangwanin kifi ɗaya ko biyu a juye a ciki, a zuba a faranti guda a kewaye shi. Ranar da mota ba ta tsaya ba, a ƙara wa tukunya ruwa. Ya ce abin da ya fi kewa ba nama ba ne, miyar kuka ce da zogale. Ya ce akwai lokacin da in ya ciji burodi sai ya ga jini a jiki.

Wannan jinin da ya gani, likitoci sun san dalilinsa. Jikin mutum ba ya iya ajiye sinadarin da ke cikin lemo da tumatir ɗanye da ganyaye na dogon lokaci. In aka yi wata biyu zuwa uku babu su, dasashi ya fara kumbura yana zubar da jini, rauni ya daina warkewa da wuri, gaɓoɓi su yi ta ciwo. Rashin nama da wake da ganye kuma ya kawo ƙarancin jini, mutum ya riƙa jin jiri yana haki a kan aikin da a da yake yi yana waƙa. Ka ɗora wannan a kan ɗaukar bulo a zafin Fazzan, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a lokacin bazara, da ƙarancin ruwan sha, ka ga inda ciwon ƙoda yake samun ƙofa. Wasu su koma ga taramol don ya kashe musu gajiya da jin yunwa, su fita daga wata masifa su faɗa wata. Mace mai ciki ko mai shayarwa kuwa, nata ya ninka, domin mutum biyu ne ke rabon abin da bai ishi ɗaya ba.

Babban abin tsoro shi ne tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rashin abinci mai gina jiki a sahun farko na abubuwan da ke buɗe wa wannan cuta hanya. Mutum goma a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda ƙura ko tsoron sumame, jikin kowa ya raunana, me ya rage? Maganinsa wata shida ake sha ba fashi, kuma yana son ciki da abinci. Wane lebura ne marar takarda zai yi wata shida yana zarya asibiti alhali kowace fita tana iya ƙarewa a bayan motar jami'an tsaro? Sai ya sayi maganin tari a kemis ya ci gaba da aiki. Ranar da ya kasa, a haɗa masa kuɗin mota ya koma gida, ya kwanta a ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Cutar da aka ɗauka a Hajara ta sauka a ƙauyen Kance ko Jibiya. Wanda ke ganin wannan matsalar Libiya ce kawai, ya sake tunani.

Akwai masu cewa ai ana zuzuta abin ne, ga su nan muna ganin hotunansu sun yi ƙiba, sun sha tabarau. Kallon kitse ake yi wa rogo. Burodi da taliya da sukari suna cika ciki, har su kumbura kumatu, amma ba sa gina jini. Kuma wa ya taɓa aiko wa mahaifiyarsa hoton ranar da ya kwana bai ci ba? Alƙaluma sun fi hoto gaskiya. Binciken da IOM ta yi a 2020, lokacin kullen korona, ya gano cewa kusan ɗaya cikin kowane baƙi uku da aka tambaya ba ya samun abincin da ya kamata. Dalilin a bayyane yake: mai aikin yini, in aka rufe titi yau, gobe babu tukunya. Korona ta wuce, amma rayuwar hannu baka hannu ƙwarya tana nan yadda take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun gonaki. Fazzan tana da ruwa a ƙarƙashin ƙasa mai yawan gaske, har daga rijiyoyin Jabal Hasawna ake tura shi ta manyan bututu zuwa Tarabulus. A kewayen Sabha, da Wadi Shati, da hanyar Ubari, ana noman albasa da tumatir da kankana da dabino da ciyawar dabbobi. Hannun wa ke wannan aiki? Galibi na baƙi ne, kuma Bahaushen Nijar, wanda ya tashi da noman rani, yana cikin waɗanda aka fi nema. Sai ka sami mutum yana kwana a bukka a tsakiyar gona, ya loda wa mota kayan lambu da safe, da dare ya ci gayan taliya. A ce masa lada sai an sayar da amfani. An sayar, a ce sai wata mai zuwa. In ya matsa, a tuna masa cewa ba shi da takarda.

Nan ne doka ta shigo. Dokar Libiya mai lamba 19 ta shekarar 2010 ta tanadi ɗauri ko tara, sannan kora, ga duk wanda ya shiga ƙasar ko ya zauna ba bisa ƙa'ida ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce leburan da aka cinye wa ladan wata uku ba shi da inda zai kai ƙara, domin ofishin da zai shiga ya yi kuka shi ne zai fara kama shi. Ƙasa tana buƙatar guminsa, gine-ginenta da gonakinta da gidajen burodinta ba sa tafiya sai da shi, amma ta ƙi ba shi takardar da za ta sa ya zama mutum a gaban alƙali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba kowane mai gona ne azzalumi ba, amma an shirya abin yadda azzalumi ba ya asarar komai.

In aka kama shi kuma fa? A farkon 2019 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta auna mutanen da ke tsare a sansanin Saba'a da ke Tarabulus, ta sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun rame fiye da ƙima, wasu na cewa sai bayan kwana biyu ko uku ake ba su abinci sau ɗaya. A 2019 ɗin dai ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 22 sun mutu a sansanin Zintan cikin 'yan watanni, da tarin fuka da wasu cututtuka. Waɗannan wurare ne da hukuma ta san da su, har baƙi na iya leƙawa. Gidajen bashi na kudu ba mai leƙa su.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace yawo a bakin mutanenmu: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, su zauna a gida mana. Ina girmama masu faɗin haka, domin da yawansu sun binne ɗa ko ƙane, ko ma ba su sami gawar da za su binne ba. Amma a zauna a gida a ci me? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Uwar da ta goya jariri ta hau wannan mota ba yawon buɗe ido ta fita ba. A Najeriya, hasashen da hukumomi suka fitar ya ce mutum fiye da miliyan 30 ne za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a daminar 2025. A jihar Katsina kaɗai MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta cikin wata shidan farko na 2025. Manomin Zamfara da 'yan bindiga suka hana shi gonarsa, ko suka sa masa harajin girbi, wace nasiha za ka yi masa? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

An ma gwada hanawar da ƙarfi. A 2015 Nijar ta kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure, da goyon bayan Tarayyar Turai, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma ɓarauniyar hanya, kuɗin mota ya tashi, bashin da ɗan cirani ke sauka da shi a Sabha ya ƙaru. Gwamnatin Janar Abdurrahman Tchiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023. Ko mutum ya yarda da sokewar ko bai yarda ba, shekaru takwas sun isa su nuna cewa rufe hanya ba ya cika rumbu.

Hujja ta biyu daga ɓangaren Libiyawa take, kuma tana da nauyi. Suna cewa mu ma ai muna ɗanɗanawa. Gaskiya ne. Fazzan ce ke da rijiyoyin man Sharara, amma mutanenta sun sha layin mai da na banki, har a ƙarshen 2018 matasan yankin suka rufe rijiyoyin don nuna fushinsu. Sabha ta ga faɗan ƙabilanci a 2012 da 2014 da 2018. Libiya na sayo mafi yawan alkamarta daga waje, kaso mai tsoka daga Yukuren da Rasha, don haka yaƙin 2022 ya taɓa farashin burodi da man girki, sannan kaya ba sa isowa kudu sai an ɗora musu kuɗin doguwar hanya. Dinari ma ya sha kashi: a watan Janairun 2021 babban banki ya mayar da dala ɗaya dinari 4.48 daga wajen 1.4, a Afrilun 2025 ya sake rage masa daraja. Ban musa ko ɗaya ba. Ban kuma manta da mutanen kirki na Sabha da ke shimfiɗa buɗa-baki a masallatai da azumi, ko matan da ke miƙo wa lebura kwanon abinci ta ƙofa ba. Allah ya saka musu. Amma ɗan ƙasa yana da albashin gwamnati ko na wani nasa, yana da dangi, yana da ƙabilar da za ta tsaya masa, yana da mai shagon da zai rubuta masa bashi. Baƙo yana sayen burodi a farashi ɗaya da shi ba tare da ko ɗaya daga waɗannan ba. Faɗuwar dinari kuma ta fi dukan ɗan Nijar, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai: jaka goman da ya saba aikawa gida yanzu tana cin dinari fiye da da, kuma daga tukunya ake cike giɓin.

Masu cewa a ƙara agaji fa? Ba na raina kwalin abincin da IOM da Hukumar Abinci ta Duniya suka riƙa rabawa, ya ceci rayuka. Da babu gara ba daɗi. Sai dai kwali na ƙarewa cikin kwanaki, kuɗin masu bayarwa na ta raguwa, kuma a Afrilun 2025 hukumomin tsaro a Tarabulus sun dakatar da ƙungiyoyin agaji na waje guda goma bisa zargin suna son zaunar da baƙi a ƙasar. Ƙato mai lafiya da ya yi aikin wata uku ba sadaka yake bi ba, ladansa yake bi.

Saura namu laifin, wanda ba mu son a taɓo. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yaro ya tafi bai cika wata biyu ba, waya ta fara ƙara: kuɗin taki, kuɗin suna, ankon biki, ragon layya, ɗan wane ya aiko da babur kai me kake jira? Wani aiken dole ne, hatsi ya ƙare, yaro na kwance. Wani kuwa gasa ce kawai da maƙwabta. Shi kuma kunya ta hana shi cewa babu, domin an raine shi a kan cewa namiji ba ya kukan yunwa. Sai ya ce to Inna, in sha Allahu ranar Juma'a. Daga nan har Juma'ar, cin abinci ya koma sau ɗaya. Mun taɓa tsayawa mun lissafa nawa ne daga cikin kuɗin da muke karɓa kuɗin abincin darensa ne?

Abin da nake nema ba mai wuyar fahimta ba ne. A watan Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna game da shigar ma'aikata ta hanyar doka. Ina aka kwana? A fito da ita daga durowa, a ba leburan gona da na gini takardar aiki ta lokaci, wadda zai iya nunawa a shingen bincike da ƙofar asibiti. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Sabha. Ya zama wurin da lebura zai kai ƙarar ladansa a bi masa, ba wurin karɓar takardar komawa gida kaɗai ba. Najeriya ta daina jiran sai IOM ta sauke mata 'ya'yanta a filin jirgi kafin ta tuna da su. Waɗanda suka dawo a auna su tarin fuka da ƙarancin jini kyauta a Dirku da Agadas da Kano, kafin su isa ɗakin iyalinsu. Malamanmu da na Libiya, waɗanda duk suka san umarnin addini na biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, su hau mumbari da wannan magana. Shugabannin Hausawa da ke zaune a Sabha, waɗanda ke iya haɗa kuɗin likkafani cikin awa guda, su haɗa na wake da ganye tun mutum yana tsaye da ƙafarsa.

Ke kuma uwa, kai kuma yaya, da ke da wani a Hajara ko Gurda ko wata gona a hanyar Ubari: in ya kira a wannan makon, kafin a kai ga maganar aike, ku tambaye shi abin da ya ci jiya da shekaranjiya, kada ku karɓi "alhamdu lillahi" kaɗai a matsayin amsa. In kun ji taliya ce da shayi, ku ce masa ya riƙe kuɗin wannan watan ya sayi abinci.